Manaja Ya Ƙoshi

Karo na tara ke nan Baban Kifi yana tsoma hantsaki cikin tanki, ɗan ƙaramin kifi na mutsu-mutsu a bakin hantsakin, kuma karo na tara ke nan Manaja ya dube shi da ido ɗaya ya kau da kai.

"Baba, ka ɗan matso masa da shi," in ji Dakta. Idonta na kan kwamfuta, yatsanta na kan maɓallin kyamara tun ƙarfe takwas na safe.

"Na matso, Dakta. In na ƙara, sai dai in ɗura masa."

Ba dakta ba ce tukuna, ɗaliba ce mai neman digiri na uku. Shi ya laƙaba mata sunan shekara huɗu da suka wuce, ranar da ta fara shigowa ɗakin binciken nan da farin takalmi ta taka ruwan da ya kwanta a bakin ƙofa. Shi kuma sunan Baban Kifi ya bi shi har ya cinye nasa na gaskiya. Shekara ashirin da biyu yana wanke tankuna, yana lallaɓa famfon iska, yana kwashe matattu da sassafe kafin masu digiri su iso su gani. Manaja kuwa giwan ruwa ne mai tsawon kamu ɗaya da rabi. Ɗalibai suka sa masa wannan suna saboda yini yake a kusurwa ba ya tsinana komai, sai an kawo abinci a ga ƙwazonsa.

Ƙwazon kuwa abin kallo ne. Mutane zato suke kifi cizo yake yi, har Baban Kifi ya gaji da gyara musu. Irin su Manaja ba sa cizo, zuƙa suke yi. Zai lallaɓo a hankali har abin da ke tsakaninsa da abincin bai wuce faɗin bakinsa ba, don in ya fi haka nisa zuƙar ba ta kai. Sai ya ɗaga kai, ya wage baki, ƙasan maƙogwaronsa ya faɗa, kumatunsa su baje, kusan duk a tare. Cikin bakin ya zama wani ƙaton wuri, ruwan da ke gabansa ya ruga ya cike shi, ya tafi da duk abin da ya samu a hanya. Daga baya murafan da ke gefen kansa su buɗe, ruwa ya fice, abinci ya tsaya. Ido ba ya ganin wannan. Abin da ido ke gani shi ne, ga ɗan kifi, babu ɗan kifi. Amma hannun Baban Kifi yana ji, wata 'yar fizga ce a hantsaki, kamar an ja ka da bakin riga.

Abin da Dakta ke son nuna wa duniya shi ne ƙarfin wannan zuƙa ba daga kai kaɗai yake fitowa ba, har da naman baya da na ciki, wato da jikinsa duka kifin yake cin abinci. Don haka aka aro kyamarar da ke ɗaukar hoto dubu a sakan ɗaya. Wata baƙuwa ce ta zo da ita daga wata jami'a a ƙetare, kwana uku kacal, kuma yau ƙarfe uku za ta mayar da ita akwati ta nufi filin jirgi. Shekaranjiya da jiya an ɗauki ƙananan giwan ruwa biyu lafiya lau. Amma masu mujallar kimiyya ba sa karɓar aiki sai da kifi uku, kuma babban, wanda komai ya rataya a wuyansa, shi aka bari na ƙarshe. Wata takwas Baban Kifi ya yi yana koya masa cin abinci a ƙarƙashin fitilu masu zafi, a daidai zanen da aka yi a jikin gilashi, gefensa na fuskantar kyamara. Sannan aka hana shi abinci kwana shida, don ya zo da yunwa ya zuƙa da iyakar ƙarfinsa.

A watan jiya Dakta ta juyo masa da kwamfuta ta nuna masa shafin farko na rahoton da za a buga. Ga sunanta, ga na baƙuwar, ga na Farfesa shugaban sashe, na huɗu kuma nasa. Sai da ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Rahoto nawa ya fita daga ɗakin nan tun da ya kama aiki, ko a layin godiya na can ƙasa ba a taɓa tunawa da shi ba. A gabanta ya yi ta cewa haba, ba sai an yi haka ba. Amma da ya koma gida bakinsa bai riƙu ba. Ya faɗa wa matarsa, ya faɗa wa autarsa, ya kwana yana jin daɗin da ya ji kunyar jinsa a shekarunsa. In Manaja bai zuƙa yau ba, babu rahoto, babu suna.

Kuma ya san ba zai zuƙa ba. Tun jiya ya sani.

Jiya da yamma, bayan Dakta ta raka baƙuwar masauki, yana cikin goge ƙasa sai ga Farfesa da tawaga. Wani babban mutum ne daga hukumar da ake fatan za ta gina wa sashen sabon ɗakin bincike, da matarsa, da masu riƙe musu jaka. Farfesan nan Baban Kifi ya san shi tun yana ɗalibi siriri mai tsoron ƙayar kifi, shi ya koya masa yadda ake sa raga ba a kankare wa kifi jiki ba. A lokacin Baba yake ce masa. Da girma ya zo sai ya koma Malam.

"Malam, nuna wa manyan baƙinmu yadda babban nan yake ci."

"Ranka ya daɗe, gobe ne ɗaukarsa. Yau kwanansa shida da..."

"Ɗaya kawai. Ɗaya me zai yi wa wannan ƙato?"

Ya tsoma hantsaki. Aka ji wani ɗan sauti ɗas, ruwa ya motsa, hantsaki ya fito wayam. Baƙi suka saki baki. Babban mutum ya ce shi fa bai ga komai ba, a sake. Aka sake. Matarsa ta ce wayarta ba ta ɗauka ba, a sake. Daga nan Farfesa ya naɗe hannun riga ya karɓi hantsakin da kansa, yana bayani yana dariya, yana miƙa hannu a ƙara masa. Goma sha ɗaya Manaja ya zuƙe, har na ƙarshen ya tsaya masa a baki wutsiya waje.

A bakin ƙofa Farfesa ya dawo da baya ya rage murya. "Kada ka tayar wa yarinyar nan da hankali. Kafin safe ya narke."

Mutumin da ke koya wa 'yan aji uku yadda abinci ke daɗewa a cikin kifi, shi ya faɗi haka da bakinsa, ko kunya babu. Baban Kifi ya sani sarai ƙarya ce, amma ya ɗauke ta ya tafi da ita gida, don ba shi da wata da ta fi ta.

"Tsaya," in ji Dakta yanzu. Ta ture kujera ta zo ta tsuguna a gaban gilashi. Baƙuwar ma ta ajiye kofinta ta matso. Manaja ya juya a kasalance, cikinsa ya fito a fili, ya yi tulu kamar an cusa masa safa.

"Baba," ta ce a hankali, "kifin nan a ƙoshe yake."

Bai kai ga buɗe baki ba ƙanshin turare ya riga mai shi shigowa. Farfesa ya shigo yana murza hannu. "Yaya, an samu? Ina abin kallon?"

Dakta ta nuna masa. Ya sunkuya, ya daɗe yana duban cikin kifin kamar yau ya fara ganinsa, ya girgiza kai. Sannan ya miƙe ya dubi Baban Kifi ido cikin ido.

"Wa ya ba shi abinci?"

Baban Kifi ya ji zuciyarsa na tafasa har wuya. Magana ɗaya ce, kuma tana nan a kan harshensa. Amma ya dubi baƙuwar da ke jiran amsa, ya dubi Dakta wadda duk takardunta suna kan teburin mutumin nan, mutumin da bai taɓa manta wanda ya kunyata shi ba. Ban da haka ma, bakin da ya shekara ashirin da biyu yana cewa "to, ranka ya daɗe" ba ya koyon wata magana a safiya ɗaya.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Farfesa ya saki dogon numfashi. Ya juya wajen baƙuwar da murmushin ban haƙuri ya yi mata bayani da Turanci. Baban Kifi yana jin Turanci daidai gwargwado, kuma ya gwammace a ce ba ya ji. Cewa aka yi tsofaffin ma'aikatan nan mutanen kirki ne, sai dai tausayi ya yi musu yawa, ba su fahimci abin da ake kira bincike ba.

Dakta ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Kai, Baba? Kai da ka kore ni ranar nan don na leƙa tankin da biskit a hannu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shekara huɗu, Baba. Ka fi kowa sani."

"Akwai sauran lokaci, Dakta. Ki bar ni in gwada."

Ta koma kujerarta. Farfesa ya ce yana da taro, ya fice.

Duk dabarar da ya tara a rayuwarsa ya zazzage ta a ranar. Ya rage fitilu ya bar kifin ya huta. Ya ɗan ɗumama ruwan ko cikin zai yi saurin saki. Ya canja ɗan kifi ya kawo tana, Manaja ko gezau. Ya saki ƙaramin giwan ruwa ɗaya a bayan gilashin da ya raba tankin, ko kishi zai sa ya kai hari, Manaja ya dubi ɗan'uwansa kamar mai kallon talabijin. Wajen sha biyu ya naɗe wando ya zagaya bayan gini, inda bututun tankuna ke zubar da ruwa, ya shiga cikin ciyawa yana farautar ɗan kwaɗo. Yana duƙe cikin laka wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, an tashi hutun rabin rana a makarantarsu.

"Baba, ya zuƙa?"

"Yana hanya."

"Wai har yanzu? Ni fa na riga na faɗa wa malamar kimiyyarmu. Ta ce in ya fito in kawo mata ta manna a allon sanarwa. Wata a ajinmu ta ce wai ƙarya nake, mai wanke tanki ba ya shiga mujalla. Na ce mata ta jira."

"Ki daina biye wa mutane, Auta."

"Ai gaskiya na faɗa. Mama ta ce in tambaye ka ko ka ci abinci."

"Na ci. Je ki aji."

Bai ci ba. Ya tsaya da wayar a hannu, ruwan datti na ratsa masa yatsun ƙafa, ya ji wani baƙin ciki da bai taɓa jin irinsa ba ko ranar da aka tsallake shi a ƙarin girma karo na uku. Sannan ya ga kwaɗon a gindin bututu, ya kai masa hannu.

Ƙarfe biyu da minti ashirin Manaja ya motsa. Ɗan kwaɗon na harba ƙafa a bakin hantsaki, kifin ya taso daga kusurwa ya nufo zanen da ke jikin gilashi. Baban Kifi ya ji fizgar a yatsunsa, amma tun kafin kowa ya yi magana ya san ba ita ba ce.

Suka taru a gaban kwamfuta. Dakta ta zuba wani farin gari mai laushi a ruwan tun da safe don a riƙa ganin tafiyar ruwa a hoto. A hoton ƙananan biyu, garin rugawa yake cikin baki kamar an buɗe ƙofar kasuwa. A wannan kuwa, baki ya buɗe da ƙyar zuwa rabi, kai bai ɗaga ba, naman baya ko motsi. Garin ya yi ta yawo yana shawara. Kwaɗon ya shiga, bayan hoto ɗari biyu ya sake fitowa da ƙafafunsa, ya yi gaba abinsa.

"Wannan ai hamma ce," in ji Dakta.

Baƙuwar ta dubi agogo. Ta ba su har uku da kwata, iyakar kirkinta ke nan. Daga nan ta kwance wayoyi, ta kwantar da kyamarar cikin akwatinta mai soso, ta rufe. Ta rungume Dakta a bakin ƙofa. Baban Kifi kuwa ta gyaɗa masa kai daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka yafe wa ba don ya cancanta ba.

Ya tari Farfesa a baranda yana sauri zuwa mota.

"Ranka ya daɗe."

"A'a, Malam. Ka yi abin da ya dace ɗazu. Ba zan manta ba."

"Yarinyar nan kallon maci amana take yi mini."

"Za ta huce, yara ne. Kai dai ka yi mana addu'a ginin nan ya samu. Ka ga kai ma ka huta da tarar ɗigar rufi da bokiti." Ya dafa masa kafaɗa, ya duba hannunsa ko ya kwaso laka, ya shige mota.

Ƙarfe biyar ta wuce, ɗalibai sun watse. Baban Kifi ya kashe manyan fitilu, ya mayar da tana cikin gwangwani, yana wanke hantsaki a bakin famfo sai ya ji an turo ƙofa. Dakta ce, waya a hannu ɗaya, farar takarda a ɗaya. Idanunta sun kumbura.

"Baba, zo ka ga wani abu."

Matar babban mutumin ta sa bidiyon jiya a shafinta, wani kuma ya turo shi zauren ma'aikatan sashe na waya, ana ta yi wa Farfesa barka da karɓar manyan baƙi. Ga Manaja yana zuƙa da ƙarfin da suka yini suna roƙo, kai a ɗage, baki a wage. Ga hannu mai agogon zinariya riƙe da hantsaki. Ga dariyar Farfesa yana cewa a ƙaro. Can baya kuma, ƙasa-ƙasa, wata murya tana cewa, "Ranka ya daɗe, ya isa haka, don Allah ya isa."

"Na ji muryarka," ta ce. "Sau uku ka faɗa. Na ƙirga."

Baban Kifi ya jawo kujera ya zauna. Bai san yana bukatar mutum ɗaya ya sani har haka ba.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, me za ki yi, 'yar nan?"

Ta daɗe tana kallon takardar da ke hannunta, sannan ta ajiye ta a kan tebur a gabansa, ta janye hannu da sauri.

"Masu kyamara suna son bayani a rubuce. Farfesa ya kira ni ofis, yana faɗa ina bugawa. Ya ce in kuskuren ma'aikaci ne, za su sake ba mu aro baɗi. In suka ji shugaban sashe ne, ba za su ƙara kallonmu ba. Na nuna masa bidiyon, Baba, wallahi na nuna masa. Ya ce in zaɓa, ko bidiyo ko digiri."

"To."

"Ba korarka za a yi ba. A fayil ɗinka kawai za a sa takardar."

"To, baɗi sai mu sake. Manaja yana nan, ni ma ina nan. In an buga baɗi ma ai duk ɗaya ne."

Ta juya masa baya tana fuskantar tanki. "Baƙuwar ta ce ba za ta haɗa sunanta da na wanda ya ɓata gwaji ba. Farfesa ya ce ta yi gaskiya. Kuma wani za a ba hantsakin. Shekara ɗaya ce kawai mijina ya ƙara mini, Baba, ya ce ya gaji da auren ɗaliba. Ba ni da yadda zan yi."

Ya so ya ji haushinta, ya nema bai samu ba. Abin da ta yi yanzu shi ya yi da safe, a ɗakin nan, a gabanta. In ma koya ta yi, a wurinsa ta koya, kuma wannan ya fi komai yi masa ɗaci.

Ya ɗauko tabarau ya sa. Takardar mai tambarin jami'a ce, an buga ta tsaf. Ta ce shi, mai suna a sama, ya ciyar da kifin gwaji bisa raɗin kansa, ba da sanin shugabanninsa ba, kuma yana neman afuwa. An rubuta sunan kifin da harshen masana, da karkatattun haruffa, kamar yadda ake yi a mujalla. A can sama kuma ga nasa da manyan baƙaƙe, cikakke, har da na mahaifinsa da na kakansa, shi kaɗai a layi, babu kowa a gabansa. Ko a takardar ɗaukarsa aiki sai da suka ci masa harafi ɗaya. Ya karanta sau biyu yana bi da yatsa.

"Kin rubuta shi daidai," ya ce.

Ta rufe fuska da mayafinta, kafaɗunta na rawa.

Ya goge jiƙaƙƙen hannunsa a jikin wando, ciki da bai, don kada ya ɓata takardar.

"Ara mini biro, Dakta."